Sunan Fallata a Rediyo da Jarida da Talabijin na Sudan

Abu Na'ama gari ne a Jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, a bakin kogin da Larabawa suke kira Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu. Yana kudu da Sinja, a kan hanyar da ta nufi Damazin. An san shi da noma. Akwai tashar binciken aikin gona da kwalejin koyon noma, kuma a shekarun 1970 gwamnatin Ja'afar Numairi ta kafa masana'antar yin buhunan rama a wurin. Wanda ya bi gaɓar kogin nan daga Sinnar har Rusairis zai yi ta ratsa ƙauyukan da ake jin Hausa a kasuwa da ƙofar masallaci da bakin ruwa. Mutanen manoma ne da masunta da 'yan lambu, kuma da yawansu a nan aka binne kakanninsu. Amma in an tashi ambatonsu a barkwancin birni ko a wasan kwaikwayo, ba a cewa manoman Sinnar. Suna ɗaya ake kiran su da shi, wato Fallata. Wannan takarda za ta bi sawun sunan, ta nuna irin kamannin da aka rataya masa da inda suka samo asali.

Kalmar daga bakin Barebari ta fito, don haka suke kiran Fulani. Da yake ta Barno da Wadai da Darfur mahajjatan ƙasa suke bi, sunan ya riga su isa bakin Nilu. A can sai ya zama kuɗin goro: Bahaushe da Bafillace da Babarbare da Bazabarme duk Fallati ne, mace kuma Fallatiya. A gabashin Sudan da Hijaz akwai wani sunan, Takruri, jam'insa Takarir, daga tsohuwar daular Takrur ta bakin kogin Sanagal. Shi ne ya dawo cikin Hausa ya zama takari.

Yadda suka zo

Tun ƙarnoni da suka wuce mutanen yamma suke ratsa Sudan da ƙafa zuwa Makka. Tafiyar takan ɗauki shekaru. Mutum ya tsaya ya yi noma ko ɗinki ko koyar da allo, ya tara guzuri, ya ƙara gaba, wani kuma inda ya tsaya nan ya yi aure ya zauna. Babbar ƙaura ta zo ne bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi hijira gabas da jama'a mai yawa, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello, wanda ake kira Mai Wurno, shi ya ja ragowar mutanen har Sudan. Wajen 1906 suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu, kudu da Sinnar, wanda har yau yake ɗauke da sunansa.

Abin mamaki, Turawan da suka guda a Sakkwato su suka tarar suna mulki a Hartum, kuma su suka ba su ƙasar zama. Ba don ƙauna ba ne. Yaƙe-yaƙen zamanin Mahadi da yunwa sun rage jama'ar ƙasar, ana kuma ta warware bauta a hankali, ga shi gwamnati tana neman hannuwan aiki. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe babbar gonar auduga ta Jazira, tsakanin Farin Nilu da Shuɗin Nilu, don ciyar da masaƙun Ingila. An raba gonar kashi-kashi, kowane kashi ana kiransa hawasha, aka ba mazauna wurin. Shema da cirar auduga kuwa sai da 'yan ƙwadago, kuma da yawansu mutanen yamma ne. Aka zaunar da su a sansanonin bukkoki a gefen magudanan ruwa, waɗanda ake kira kambo, jam'i kanabi.

A nan kama ta farko ta samu. A wannan yanki, aikin fartanya a gonar wani aikin bayi ne a da, don haka wanda ya karɓe shi ya gaji rainin da yake tare da shi, ko da kuwa jikan sarki ne ko mahaddacin Alƙur'ani. Rahotannin Turawa suna yabon Fallata da juriya da rashin ƙyuya. Yabon bai ɗaga su ba, sai ma ya tabbatar wa kowa cewa gurbinsu ke nan.

Sai doka ta zo ta ɗaure maganar. A watan Afrilu na 1942 ƙungiyar 'yan bokon Sudan, wadda aka kafa a 1938, ta miƙa wa gwamna takardar buƙatu 12. Cikinsu akwai a kafa dokar da za ta fayyace wane ne ɗan Sudan, akwai kuma a tsayar da shigowar baƙi. Dokar ta fito a 1948. Ɗan ƙasa shi ne wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a Sudan tun ranar 31 ga Disamba, 1897. Dokar 1957, bayan samun mulkin kai, ta riƙe wannan rana. Mai karatu ya lissafa da kansa: mutanen Mai Wurno sun makara da shekara tara. A shekarun 1970 aka matso da ranar zuwa 1924, dokar 1994 kuma ta kawo ta 1 ga Janairu, 1956. Amma kafin nan an yi shekaru da dama ana tambayar jikokin mahajjata shaidar asali a ofishin takardar zama ɗan ƙasa, tambayar kuma ta riga ta fita daga ofis ta shiga bakin jama'a.

A'isha Fallatiya

A shekarar da 'yan boko suka nemi a tsayar da baƙi, wato 1942, a ita ce aka fara jin muryar mace tana waƙa a rediyon Sudan, kuma macen 'yar baƙin ce. Gidan rediyon Umdurman a 1940 aka buɗe shi, don watsa labaran Yaƙin Duniya na Biyu. Mawaƙiyar sunanta A'isha Musa Ahmad. A Kasala aka haife ta. Iyayenta daga ƙasar Sakkwato suka fito da niyyar hajji suka zauna, uwar Bahaushiya, uban malami ne Bafillace. A makarantar allonsa a Umdurman ta yi karatu, kuma masu tarihinta suna danganta iya sarrafa muryarta da tilawar da ta koya a can. Tana 'yar shekara 14 ta fara waƙa a gidajen biki. Uban bai so ba, ya yi mata aure don ta daina. Auren ya mutu, waƙa ta ci gaba. Wani kamfanin faifan garmaho ya kai ta Alƙahira ta ɗauki waƙoƙi, aka riƙa sa su a shagunan shan gahawa. Lokacin yaƙi ta bi sojojin Sudan har fagen daga tana yi musu waƙa.

Ranar da ta shiga rediyo tare da 'yar'uwarta Jidawiya, mai kaɗa garayar Larabawa da ake kira udu, masu sauraro sun yi na'am. Masu ra'ayin riƙau suka yi tir, wasu mawaƙa maza kuma suka ƙaurace wa gidan rediyon don kada a haɗa su da mace. Tsangwamar ta yi yawa har ta taɓa tunanin komawa Nijeriya, ƙasar da ba a can aka haife ta ba. Ba ta tafi ba. Ta bar waƙoƙi fiye da 150, mafi yawa da Larabcin Sudan, har da na kishin ƙasa da neman 'yanci. Ta rasu a 1974.

Labarinta ya cancanci a tsaya a kansa, don a nan ne maganar jinsi da maganar asali suka sarƙe. A Umdurman ta wancan zamani, 'yar gidan da ake ganin na asali ne ba ta ɗaga murya a gaban maza. Waƙar biki sana'ar matan da ake ɗauka na gefe ce, 'ya'yan bayin da aka 'yanta da 'ya'yan baƙi. To, ƙofar da aka rufe wa 'yan gida sai ta buɗu ga wadda ake gani bare ce, tun da ana ganin ba mutuncin kowa za ta zubar ba. Daga nan aka ɗauka wai matan Fallata sakakku ne, babu mai tsawata musu. Alhali mahaifin A'isha ya yi abin da kowane uba a unguwar zai yi, wataƙila ma fiye. Bayan ta share hanya, 'yan matan wasu gidaje suka biyo, har aka zo kan 'yan'uwa uku da ake kira Balabil, waɗanda suka fito a 1971 suka mamaye talabijin. Ita kuwa ba a taɓa sanin ta da sunan ubanta ba. A faifai da rediyo da littattafan tarihin waƙa, A'isha Fallatiya ce, wato ko a cikin yabo sai an tuna mata daga inda ta fito.

Hajiya mai gyaɗa da malam mai laya

Kamar da aka fi yi wa Bahaushiya a birni ita ce ta mai saye da sayarwa a bakin titi: tsohuwa da faranti, tana sayar da soyayyar gyaɗa ko godogodo, wani abin sha na gero mai kama da fura. Kowace ana ce mata hajja, namiji kuma hajj, ko sun je Makka ko ba su je ba. Ba ƙarya ba ne cewa matan suna sana'a. Sai dai a ƙauyuka irin na kewayen Abu Na'ama da Mai Wurno matar aure a cikin gida take nata cinikin, yara su fita da talla, kamar dai a Kano ko Katsina. Waɗanda ido yake gani a kasuwa tsofaffi ne da zawarawa da 'yan mata. Mai ɗaukar hoto da ya tsaya a tashar mota ba zai ga sauran ba, kuma abin da ya gani shi ya zama dukan labarin. Haka abin yake ga maza. Tsiren da ake barbaɗa wa garin ƙuli da yaji ya zama abincin dare a duk biranen Sudan da sunansa na Hausa, agashe, amma mai gasa shi bai tashi daga matsayin baƙo ba. A Hartum ma unguwar da suka daɗe a cikinta a da Ishash Fallata ake ce mata, wato bukkokin Fallata.

Sai kuma faki, wato malami. Mahajjata sun zo da allo da tawada da ilmin rubutun sha da laya, kuma mutanen gari sun nemi wannan ilmi da kuɗinsu. A bakin mai barkwanci kuwa, malamin Fallata boka ne mai ɗaure mutum, mai juya hankalin miji, mai hana ƙwallo shiga raga. Ana yi masa dariya da rana, a lallaɓa wurinsa da dare. Wannan kama ta fi ta ɗan ƙwadago haɗari, domin tsoro ne a cikinta.

Abin da ya haɗa kamannin duka shi ne harshe, kuma a nan ɗalibin Hausa zai gane dabarar da sauri. Larabci yana da baƙaƙen maƙogwaro da Hausa ba ta da su. Bahaushen da ya koyi Larabci da girma yakan maida ha mai ruwa da ha ƙarami duk ha ɗaya, ya sassauta ain har ta ɓace, kamar yadda aka yi wa sunaye irin su Halima da Ali da Alhamis a ƙasar Hausa. Mai kwaikwayo ba ya buƙatar fiye da haka. Ya sauya baƙaƙe uku, ya rikita namiji da mace a jimla, sai 'yan kallo su san wa ake nufi. Amma yaron Abu Na'ama da ya yi makarantar gwamnati da Larabci ba haka yake magana ba. Larabcinsa irin na maƙwabcinsa ne, Hausarsa ce ma ta cika da kalmomin Larabci. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum, wanda shi kansa ɗan Mai Wurno ne, ya rubuta littafi sukutum a 1999 a kan yadda Hausar Sudan take rusunawa ga Larabci. Ke nan muryar da ake kwaikwaya ta kaka ce da ya iso da sanda da gora, an ɗora ta a bakin jika don a nuna jiya ya zo.

Wani zai ce ai wasa ne, kuma barkwancin ƙabilu a kaset da dandamalin Sudan bai bar kowa ba: Bashayƙe da Baja'ale da mutumin Bija da na kudu duk sun sha. Hausawa ma sun san wasan Fulani da Barebari, da na Kanawa da Zazzagawa, da na Gobirawa da Yarbawa. Bambancin shi ne a wasan taubasai kowa yana da bakin ramawa, kuma ba wanda ake tambaya takardar zama ɗan ƙasa bayan an gama dariya. Finafinan Kano ma ba su kuɓuta daga wannan hali ba. Bagwari da Buzu mai gadi da Bafillacen daji sun daɗe suna ba da dariya da karyayyar Hausa, ba tare da an ji ta bakinsu ba.

Launin fata a gaban kyamara

Talabijin ya fara aiki a Umdurman a ƙarshen 1962 da taimakon Jamus ta Yamma, a farkon shekarun 1970 kuma aka buɗe tasha a Wad Madani don manoman Jazira. A ƙauyuka kallon taro ake yi, a kulob ko a ƙofar mai shago. Da zuwan hoto sai launi ya shigo cikin lissafi. Larabcin Sudan yana da matakala ta kalmomi: asfar, wato rawaya, ga mai haske, asmar ga wankan tarwaɗa, akhdar, wato kore, ga mai duhu, azrag, wato shuɗi, ga baƙi wuluk. Ana zagaye kalmar baƙi ne saboda an haɗa ta da bauta. Fuskokin masu gabatar da shirye-shirye, musamman mata, daga saman matakalar ake ɗebo su, kuma 'yan Sudan da kansu sun sha kokawa da yadda hakan ya ƙarfafa cinikin man bilicin. Bayan juyin mulkin 1989, da gwamnatin Umar al-Bashir ta dage a kan Larabci da al'ada guda, ƙofar ta ƙara ƙuntata.

Abin da Hartum take yi wa na gefenta, shi Alƙahira take yi wa Hartum. Tun farkon fim a Masar, baƙin mutum mai gadi ne ko kuku. Ɗan wasa Ali al-Kassar ya yi suna da fitowa a matsayin wani Banube mai suna Usman Abdul Basiɗ. A azumin 2018 wani shirin ban dariya na Kuwaiti ya shafa wa 'yan wasa baƙin fenti suna kwaikwayon 'yan Sudan a matsayin ragwaye, har jagoran shirin Hasan al-Ballam ya nemi gafara. A 2019 'yar wasan Masar Shaima Saif ta yi irin haka a tashar MBC Masr. 'Yan Sudan sun fusata, kuma suna da gaskiya. Sai dai dabarar da ta ɓata musu rai, wato launi da karyayyen harshe, ita ce ake amfani da ita a gida.

Hausa kanta ba ta rasa shiga rediyon gwamnati ba. A shekarun 2010 tashar Muryar Afirka ta rediyon Sudan tana da shiri da Hausa a gajeren zango, a jere da Faransanci da Ingilishi, wato cikin harsunan da ake magana da ƙasashen waje. Tsarin mulkin wucin gadi na 2005 ya ce dukan harsunan asali na Sudan harsunan ƙasa ne, sai kalmar asali ta sake tayar da tsohuwar tambaya. Mutanen ƙauyukan kuwa sun daɗe da samo wa kansu mafita: Sashen Hausa na BBC, wanda ya fara a 1957, da kaset na wa'azi da waƙa, sannan finafinan Kano a faifai da waya. A can suna jin harshensu ba a yi masa dariya, ko da yake da wuya su ga Bahaushen Sudan a ciki.

Daga dariya zuwa jini

A watan Oktoba na 2008 jaridar Al-Ayyam ta Hartum ta buga wata magana da aka jingina wa Shugaba al-Bashir, wadda aka fahimta a kan cewa Hausawa ba 'yan Sudan ba ne. Fadar shugaban ta musanta. Kafin musun ya isa, Hausawa sun fito zanga-zanga a Gadarif da wasu biranen gabas, aka yi arangama da 'yan sanda, aka rasa rayuka. Saurin da mutane suka yi wajen gaskata labarin ya nuna sun daɗe suna jin irinsa daga ƙananan bakuna.

A 2022 abin ya kai maƙura a yankin Shuɗin Nilu, kudu da Abu Na'ama. Hausawan yankin sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu. Sarakunan Funj da Hamaj da Barta suka ƙi, suka ce sarauta da ƙasa take tafiya, ƙasa kuma ba ta baƙo ba ce. A tsakiyar watan Yuli faɗa ya ɓarke a Gaisan da Rusairis da Wad al-Mahi, aka kashe fiye da mutum 100. A watan Oktoba aka sake kashe fiye da 200 a Wad al-Mahi cikin kwanaki kaɗan. Dubban mutane suka gudu arewa zuwa jihohin Sinnar da Farin Nilu. A wannan karo ba a jira jarida ko gidan rediyo ba. Facebook da WhatsApp ne suka ɗauki aikin, kowane ɓangare yana yaɗa hotunan gawawwaki da kiran ramuwa, kuma tsofaffin kalmomin nan na baƙo da ɗan zuwa su suka fi yawo. Hausawa sun yi jerin gwano a Hartum da Kasala da Gadarif da Bur Sudan, a Kasala har aka ƙona ofisoshin gwamnati.

Yaƙin da ya tashi a watan Afrilu na 2023 tsakanin sojoji da dakarun RSF ya iso yankin a 2024. Dakarun sun kama Sinja a ƙarshen watan Yuni, sojoji suka ƙwato ta a watan Nuwamba. A Jazira, bayan sojoji sun dawo a watan Janairu na 2025, an kai wa mazauna kanabi hare-hare bisa zargin sun haɗa kai da abokan gaba, aka kuma yaɗa bidiyon wasu kashe-kashen a waya. Ginin rediyo da talabijin na Umdurman, inda ɗakin ajiyar tsofaffin faya-fayan mawaƙan ƙasar yake, tun makon farko na yaƙin ya faɗa hannun RSF, kuma sai a watan Maris na 2024 sojoji suka sake shiga cikinsa.